Adakar Gwaggo

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta fita daga birnin Kano ta yi arewa, ko ta Minjibir ko ta Ɗambatta, ya san ƙasar nan ba ta da daji. Gona ce ke bin gona, gida yana hangen gida, kuma abin da ya raba gonar mutum da ta maƙwabcinsa bai wuce layin gamba ko na lalle ba. Tun cikin shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore suka yi ta nazarin yadda mutanen wannan yanki suke noma fili ɗaya kowace damina ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Ga 'yan ƙasa kuwa asirin ba ɓoyayye ba ne. Taki ne, wanda ake tarawa a turke da juji, a ɗora wa jaki a mangala tun da rani, a bi gona ana zubawa tsibi-tsibi. A inda ƙasa take da wuya haka, mutum ya fi yarda ya rabu da akuyarsa, ko kekensa, ko ma sansa na huɗa, a kan ya rabu da taku ɗaya na gona.

Shi ya sa da labari ya bazu a wani ƙauye da ke tsakanin Minjibir da Ɗambatta, da kakar 2023, cewa wani saurayi yana neman wanda zai karɓi gayaunarsa jingina, mutane suka zaci wata babbar masifa ce ta faɗa masa. Alhali kuwa ba ciwo ba ne, ba shari'a ba ce. Lefe zai haɗa.

Yaron ba mashiririci ba ne. Da damina yana gandun ubansa, da rani yana dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, kuma shekara biyu ke nan yana zubin adashi saboda aure. Sai dai lissafin da ya yi tun farko ya rushe masa a hannu. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, sa'an nan a watan Yuni aka saki naira ta yi ta faɗuwa a gaban dala. Tun da yake mafi yawan abin da ke jibge a Kantin Kwari da dala ake shigo da shi, kuɗin da ya tara sai suka ƙanƙance suna zaune. Ga shi kuwa abokansa biyu da suka riga shi, kowa akwati biyar ya kai, kuma aminiyar yarinyar da zai aura shida aka kai mata. A ganinsa, in ya kai ƙasa da biyar ya tozarta kansa, ya tozarta yarinyar a cikin tsaranta.

Uban yaron dattijo ne mai kawaici, ga kuma kunyar ɗan fari, saboda haka bai ce masa uffan ba. Sai ya kai maganar wurin yayarsa, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ko ba komai, a al'ada gwaggo ce ke jagorar kai lefe, ita ce za ta ji daɗi ko ta sha habaici. Bayan lisha ta aika aka kira shi ɗakinta.

"Ɗan nan, na ji an ce gona za ka jinginar."

"Haka ne, Gwaggo. In Allah ya yarda shekara biyu na fanshe ta."

"Kowa haka yake cewa. Jawo mini adakar can."

Adakar tsohuwa ce, fentinta duk ya goge. Abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba wajen yawa: luru ɗaya, zanen bunu ɗaya, zani biyu na atamfar Kaduna da suka rage daga lefenta, sai kuma can ƙasa wata babbar riga saƙi mai aska biyu, naɗe cikin farin ƙyalle. Rigar ta ubansu ce, watau kakan yaron. Uwarsu ce ta kaɗa zarenta, shi ya saƙa ta da hannunsa, aka kai marina, aka kai wa mabugi, wani malami kuma ya yi watanni yana ɗinke aljihunta da allura. Da ita ya je Idi har ƙarshen rayuwarsa. A shekarar farin 1973, da rumbu ya ƙare tun kafin bazara, rigar nan ce aka kai wa wani attajiri jingina aka karɓo gero, bayan kaka biyu aka fanso ta, gona kuwa ba a taɓa ta ba. Da ta gama ba shi wannan labari, ta sa ya karanto mata jerin kayan da ya rubuta a takarda. Ya karanto: atamfa kaza, leshi kaza, mayafai, takalma, jakunkuna. Ta ce, "To, cikin waɗannan duka, wanne ne in ka kai wa dillaliya baɗi war haka za ta ba ka rabin kuɗinsa?" Yaro ya sunkuyar da kai.

Mai karatu kada ya ɗauki wannan tambaya a kan rowar tsofaffi. Ta fito ne daga wata tsohuwar fahimta wadda ta kusa ɓacewa. A ƙasar Kano ta dā, tufa dukiya ce kamar dabba ko hatsin rumbu. Ana biyan bashi da ita, ana jinginar da ita, sarki yana saka wa baransa da ita, in mutum ya rasu kuma a lissafa rigunansa cikin gado. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, ba a manyan masana'antu ake aikin ba, a cikin gidajen mutane ake yi. Galibin gidajen nan kuwa na ƙauye ne. Mata su gurje auduga, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari. Maza su saƙa siraran ƙyallayen nan da ake kira ƙwarya, a haɗa su su zama riga ko zane. Minjibir ta yi suna da saƙa, kamar yadda Kura ta yi suna da rinin turkuɗin da Buzaye ke naɗawa. Ko da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna ɗokin kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila, sai suka tarar masaƙan gida suna saye da tsadar da ta fi tasu, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa don sayarwa waje.

Mutumin da ya tashi cikin irin wannan hali ya san tufa kamar yadda makiyayi ya san saniya. Ya san sirin zare, ya san yawan ƙwarya, ya san shunin da ya kama da wanda zai zuba. Riga ɗaya ko biyu ke gare shi, amma ya san abin da ke jikinsa. Masaƙun zamani da suka zo daga baya, irin su Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 da UNTL a 1964, da na Kano da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa, lalle sun rage wa masaƙin ƙauye ciniki, amma dai auduga suke saƙawa, ta Funtuwa da Gusau da makamantansu, shi ya sa zanen Gwaggo bai koɗe ba har yau. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri suka taru suka durƙusar da su, aka rufe Kaduna Textiles a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Gurbinsu sai kayan Sin suka cike shi, har ta kai a 2015 marinan Kano suka fito zanga-zanga suna kukan an ƙwace musu sana'a. Yau fiye da rabin zaren da ake yi a duniya ba daga gona yake fitowa ba, daga man fetur ake sarrafa shi. Shi ne mata suka laƙaba wa suna roba. Yana da ƙyalli, yana da araha, yana kuma iya kwaikwayon zanen kowace atamfa mai tsada har da tambarinta. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, amma wannan karon ta yi ado, na wanki uku ko huɗu.

A nan ne lefe ya shigo. Kalmar kanta sunan wani kwando ne na kaba, wanda ɗan abin da ango ya samu yake shiga ciki. Daga lefe aka koma kwalla, daga kwalla aka koma adaka da fantimoti, har aka iso jerin akwatunan yau masu shiga cikin juna. Mazubin ya yi ta girma, ya zama dole a cika shi, tun da akwatin da ba a cika ba ya fi rashin akwatin ban kunya. Abin da addini ya wajabta sadaki ne, lefe al'ada ce, malamai kuma sun daɗe suna wa'azi a kan israfin da ke cikinsa, har wasu suna kiran a soke shi ɗungurungum. To, amma masu wannan kira sukan manta da abu guda. Lefe na mace ne. A ƙauyen da mace ba ta da asusun banki, gadon gonarta kuma sau da yawa yana hannun 'yan'uwanta maza, turamen da ke ƙasan akwatinta su ne ajiyarta, su da 'yan kwanukan jerenta da tunkiyarta. In ɗanta ya kwanta ciwo maigida ba ya nan, ko aure ya mutu, turmin da ba ta yanka ba shi za ta miƙa wa dillaliya. Saboda haka wanda ya soke lefe bai sa komai a gurbinsa ba, ya rage wa mace ƙarfi ne. Wanda kuma ya cika mata akwati shida da roba, shi ma ya rage mata, sai dai shi da guɗa aka karɓi nasa. An kai mata kaya tuli, amma babu dukiya a ciki.

Ƙanen lefe wajen cin kuɗi shi ne anko, kuma a wannan ɗaliban jami'a ba su da bakin yi wa mutanen ƙauye dariya. Bikin ƙawa anko, sunan 'yar ajinsu anko, ranar al'adu anko, walimar gama karatu anko. Da yake dole a zaɓi abin da kowa zai iya saye, kullum mafi araha ake fitarwa, a biya tela kuɗin da wani lokaci ya fi na yadin, a sa sau ɗaya a yi hoto, sa'an nan a ji kunyar sake sawa don kowa ya san bikin da aka yi da shi. Akwai ɗalibar da akwatinta ba ya rufuwa, amma in za a shiga gaban malamai sai ta ari mayafi.

Akwai kuma wata ɓarna da sai manomin wannan yanki ne zai fi ganinta. Tufar auduga ba ta mutuwa sau ɗaya. Zanen uwa in ya tsufa a yanka wa yarinya, ya koma majanyi, ya koma gammo, ya koma tsumman goge fitila, ƙarshe a jefa shi juji ya ruɓe tare da toka da kashin awaki, jaki ya kai shi gona ya zama gero. Roba ba ta bin wannan hanya. Ba ta tsotse ruwa balle a yi tsumma da ita, in tartsatsin murhu ya taɓa ta sai ta narke ta manne a fata, in ta je juji kuma haka za ta je gona, ta zauna tare da leda. Wanda ya bi gonakin da ke gefen hanyar Ɗambatta da bazara, bayan an watsa taki, zai ga ƙyallaye masu launi iri-iri suna kaɗawa a kan kunya, garma tana tono na bara da na bara waccan.

Duk da haka ba daidai ba ne a mai da zamanin saƙi aljanna. Rigar nan ta kakan yaro ta yi ƙarko, amma mutum nawa ne suka mallaki irinta? Talakawa da yawa bante da warki suka sani, yara kuwa sukan yi hunturu a bakin wuta don ba abin rufa. Zaren da Barth ya yaba, mata ne suka kaɗa shi da dare bayan sun gama daka da surfe, audugar kuma wani kaso nata bayi ne suka noma a rinji. Gwanjon Ƙofar Wambai da yadin Sin sun tufatar da marayun da saƙi bai taɓa tufatarwa ba, da tsirara kuwa gara baƙin bante. Wanda abin hannunsa bai kai na turmi mai kyau ba, ba a yi masa gorin inganci. Maganar tana kan wanda ya tara abin da zai sayi nagari biyar, ya je ya sayi na banza ashirin don a ƙirga, har ya ɗora gonarsa a kai.

Gwaggo ba ta ce kada a yi lefe ba. Cewa ta yi da ita za a je kasuwa. Ran da suka shiga Kantin Kwari, yaron ya sha kunya, don ba ta sayen komai sai ta juya bayansa ta ga ko launin ya ratsa ciki da waje, ta murza gefe da ɗan yawu ta duba yatsanta. A wani shago ta roƙi zare ɗaya daga bakin turmi, ta fita waje ta ƙyasta masa ashana. Na auduga yakan ci ya bar toka mai laushi, wannan kuwa ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke kam ba a yi miki wayo," ya shiga ciki ya fito da wani daban. Suka dawo da turmi bakwai, leshi ɗaya, shadda ɗaya, mayafi uku da 'yan kayan shafa, akwati biyu cif. Kuɗin adashin suka ƙare ƙaf, amma ba a nemi mai karɓar jingina ba.

Kada a zaci an tafa musu. Ranar kai lefe, da aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan amarya aka fara ɗagawa ana ƙirgawa, ƙirgar ta ƙare tun mata ba su gama shigowa ba. Wata ta leƙa waje ta tambaya ko sauran suna cikin mota. Wata ta ce ai yanzu an ce rayuwa ta yi tsada, Allah dai ya sa albarka, da irin muryar da kowa ya san abin da take nufi. Kakar yarinyar ce kaɗai ta jawo turmi ɗaya ta shafa, ta kai hanci ta shinshina, ta dubi Gwaggo ta ce, "Sannunku da ƙoƙari." Gwaggo ta amsa, ta karɓi tukwici, suka fito. Amaryar ta yi kwana biyu tana kuka, kuma ba za a ce ba ta da dalili ba, don ita ce za ta zauna da ƙawayenta, ba Gwaggo ba. Har yau akwai masu kiranta mai akwati biyu in ta ba da baya.

Turmi uku ta ɗinka, ta ajiye huɗu. Da daminar 2024 mijinta ya shuka gero da wake a gayaunarsa. Wajen ƙarshen shekarar haihuwa ta zo mata da gardama, aka ɗauke ta da dare zuwa asibiti a birni, aka nemi kuɗin aiki da na jini a lokacin da waken bai shiga kasuwa ba. Uwarta ta buɗe akwati ta ɗauki turmi biyu ta kai wa dillaliya. Da yake a tsakanin nan dala ta haura naira 1,500, abin da aka ba ta ya ɗara abin da aka saye su. Ta dawo gida da ɗa namiji. Ranar suna ƙawayenta suka fitar da anko, ta sa ɗaya daga cikin ukun da ta ɗinka, wasu suka ce girman kai ne.

Rigar saƙin kuwa, tun kafin ɗaurin aure Gwaggo ta fito da ita ta shanya, ta ce ango ya sa ta ran nan. Ya ɗaga ta, ya ji nauyinta, ya ce, "Gwaggo, ki yi mini haƙuri, abokaina za su ce na fito hawan salla." Ya je ya sa shaddarsa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta bar ta ta sha rana har la'asar, ta kakkaɓe, ta naɗe ta cikin farin ƙyallenta, ta sa kafur a gefe, ta mai da ita ƙasan adaka.